Buga Da'irar Lantarki da Hazon Tawada: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zamewar Aiki da Sa Ido da Haske

Shafin nan na ɗaliban injiniyan lantarki ne na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na kwalejin fasaha ta tarayya da ke Gwallameji, da masu gyaran waya na Wunti waɗanda suka ga bidiyon wata na'ura tana zana siririn layin azurfa a jikin roba, suka yi ta tambaya. Wanda ya riga ya san tushen abin yana iya tsallakawa kai tsaye zuwa maganar zamewa, wato yadda bugu ke sauyawa a hankali ba tare da an taɓa saiti ba, don can ne gundarin batun yake.

Malam, wai mene ne bugu da hazon tawada, kuma me ya raba shi da firintar ofis?

Firintar ofis mai tawada tana tofa ɗigo ɗaya bayan ɗaya daga ƙananan ramuka, kuma dole kanta ya kusa taɓa takarda. Wannan na'ura ba haka take yi ba. Tana fara mayar da tawadar hazo, wato ƙananan ɗigo masu faɗin maikiron 1 zuwa 5 suna shawagi a cikin iska. Maikiron 1000 ne ke yin milimita ɗaya, kuma kaurin silin gashin mutum kan kai wajen maikiron 70, don haka ido ba ya ganin ɗigo guda, sai dai ya ga hayaƙin taronsu.

Daga nan wata iska, galibi naitirojin daga tukunyar gas, ta ɗauki hazon ta bi da shi cikin siririn tiyo zuwa kan na'urar. Ita muke kira iskar dako. A can sai wata iskar ta biyu, busasshiya ba tawada a cikinta, ta kewaye hazon ta matse shi zuwa tsakiya. Wannan ita ce iskar kube. Saboda ita, hazon ba ya taɓa bangon nozul, wato bakin da feshin ke fita, kuma yana fita a tsuke fiye da ramin da ya fito daga ciki. Ramin nozul kan kasance maikiron 100 zuwa 300, amma layin da ke sauka yana iya sirancewa har maikiron 10.

Abin da ya sa injiniyoyi ke son ta shi ne tazara. Nozul yana iya tsayawa milimita 1 zuwa 5 daga wurin bugu, feshin bai watse ba. Ana iya zana layi ya hau tudu, ya gangara kwari, ya bi lanƙwasar jikin roba. Feshin ba ya tsayawa. Idan ana son yanke layi, wani ɗan marfi ne ke shiga gabansa ya tare.

Tawadar kuwa ba ta rubutu ba ce. Wadda aka fi amfani da ita garin azurfa ne mai tsananin laushi a cikin ruwan sinadari. Bayan bugu sai a gasa, ruwan ya tafi, ƙwayoyin azurfar su manne da juna, sannan wuta ta iya bi.

Wa ya ƙirƙiro ta, kuma me ake yi da ita?

Kamfanin Optomec da ke birnin Albuquerque a jihar New Mexico ta Amurka ne ya fito da ita, daga wani shirin bincike da hukumar DARPA ta ma'aikatar tsaron ƙasar ta ɗauki nauyi a ƙarshen shekarun 1990. Sunan kasuwancinta Aerosol Jet. An buga eriyar waya da ita kai tsaye a jikin robar wayar, an haɗa ƙananan cibiyoyin lantarki da layin bugu maimakon siririyar wayar zinariya, kuma cibiyar Fraunhofer da ke Freiburg a Jamus ta yi aiki da ita wajen zana siraran layukan da ke fuskar ƙwayar farantin sola. Ku duba farantin da ke kan rufin gidanku, za ku ga irin layukan. Duk yadda suka sirance, rana ta fi samun wurin sauka.

Ta yaya ruwan tawada ke zama hazo?

Hanya biyu ce. Ta farko da girgizar sauti: ana zuba tawada kaɗan, mililita ɗaya ko biyu, a ƙaramar kwalba, a dasa gindinta cikin ruwa. A ƙarƙashin ruwan akwai ɗan faifai da ke karkarwa sau miliyan biyu ko kusa da haka a daƙiƙa, sautin da kunne ba ya ji. Girgizar ta bi ruwa ta shiga kwalba, saman tawadar ya tashi tsiri, ƙananan ɗigo su riƙa ɓallewa. Wannan hanya sai da tawada mai tsinki, wadda ba ta fi ruwa kauri sosai ba.

Ta biyu da ƙarfin iska: iska mai gudu ta zuƙo tawada ta fesa ta a bangon tukunya, manyan ɗigo su koma ƙasa, ƙanana su tashi. Tana iya ɗaukar tawadar da ta ninka ruwa kauri har sau 1000, sai dai tana shan tawada da yawa, kuma iskar ta kan yi yawa, dole a zuƙe rararta kafin hazon ya isa nozul.

Na saita gudun iska, na saita ƙarfin girgiza, ban taɓa komai ba. To me kuma zai canza?

Ɗan'uwa, lambobin da ke kan allon kwamfuta suna faɗa maka abin da ka umarci na'ura ta yi ne, ba abin da ya fito daga nozul ba. Na'urorin da ke daidaita gudun iska suna da kirki ƙwarai, idan ka ce kaza za su riƙe kaza yini guda. Amma ba su san ko tawada nawa ce a cikin iskar da suke turawa ba. Hazon yana iya yin kauri ko ya tsinke, lambar tana nan yadda take. Wannan sauyi da ke shigowa sannu a hankali ba tare da kowa ya taɓa maɓalli ba shi ake kira zamewar aiki, kuma shi ne babban ciwon kan wannan fasaha.

Hanyoyin da yake shigowa suna da yawa, kuma suna cuɗanya da juna.

Tawadar kanta tana canzawa. Iskar dako busasshiya ce, duk lokacin da ta ratsa kwalba sai ta tafi da tururin ruwan tsinki, wato ruwan sinadarin da ke cikin tawadar, musamman wanda ya fi saurin tashi. Abin da ya rage a kwalba sai ya riƙa kauri. Tawada mai kauri ba ta tashi hazo da sauƙi, amma kowane ɗigon da ya tashi ya fi ɗaukar azurfa. Wani lokaci wannan ya rinjayi wancan, wani lokaci akasin haka, shi ya sa ba za ka ce kullum raguwa ake yi ko kullum ƙaruwa ba.

Zafi ma yana shiga. Faifan nan mai karkarwa yana ɗumama ruwan da kwalbar ke ciki. Tawada mai ɗumi ta fi tsinkewa, ta fi tashi, ta kuma fi saurin rasa ruwanta. Bugun minti goma na farko da na bayan awa biyu kusan tawada biyu ce daban.

Sai tsayin tawada a kwalba. Girgizar tana da inda take taruwa da ƙarfi, idan saman tawadar ya sauka ƙasa da wurin, ko an ɗan karkatar da kwalbar wajen mayar da ita, yawan hazo ya canza. Mutum biyu suna iya ɗora kwalba ɗaya a na'ura ɗaya su samu sakamako biyu.

Sannan hanya. Tsakanin kwalba da nozul manyan ɗigo suna faɗuwa su manne a bangon tiyo, musamman a kwana. Ka ɗaga tiyon sama ka duba bayan an jima ana bugu: za ka ga duhu-duhu ya kwanta a ƙasansa, da 'yan ƙullutun ruwa a wurin lanƙwasa. Wata rana ɗaya daga cikinsu zai taso ya bi iska ya tofu a kan aikin da aka kusa gamawa. Busasshiyar tawada kuma takan taru a cikin kan na'urar ta karkatar da feshin.

Akwai kuma bambancin da ba zamewa ba ne: na yau da na gobe, na kwalbar tawada sabuwa da wadda ta kwana biyu a firji, na wannan na'ura da waccan. Wannan ne ya sa sharuɗɗan da wani ya wallafa a mujalla ba sa aiki kai tsaye a wani ɗakin gwaji, ko da tawadar kamfani ɗaya aka saya.

Da ido layin yana da kyau. Idan ya ɗan canza, ina ruwan wuta?

Bari mu yi lissafi da misali. A ce layi mai tsawon santimita 1, faɗin maikiron 50, kaurin maikiron 2. Azurfa tsantsa turjiyarta ga wuta 1.59 ce a ma'aunin maikiro-om-santimita, amma wadda aka buga aka gasa ba ta kai ta kyau ba, saboda akwai ƙananan ramuka a cikinta. Mu ɗauka 5. Lissafi zai ba ka om 5. Yanzu a ce hazon ya ragu da kashi 20 cikin 100, faɗin layin bai canza sosai ba, kaurin ne ya sauka zuwa 1.6. Turjiya ta koma om 6.25, ƙarin kashi 25 cikin 100 ke nan. Ka sa layukan biyu a ƙarƙashin madubin da kake gyaran waya da shi, ba za ka iya raba su ba, don daga sama kake kallo.

Idan layin na kai wuta ne kawai ga ɗan ƙwai, wataƙila a wuce. Idan kuwa shi ne ma'aunin zafi, ko na'urar jin lanƙwasa, ko wani sashe na eriya, to turjiyar ita ce aikin gaba ɗaya. Kamfanin da zai buga dubu goma yana son ta farko da ta ƙarshe su zama ɗaya.

Mene ne wannan ƙurar da ke gefen layi a hotuna?

Fantsama ce. Iskar kube tana iya matse ɗigo masu ɗan nauyi su tafi a miƙe, amma 'yan ƙanana ƙwarai ba su da nauyin da za su ratsa iskar da ke bazuwa a saman faranti, wato abin da ake bugu a kansa, sai ta kwashe su ta zubar a gefe. Abin haushi, iskar kuben kanta tana da hannu: busasshiya ce, tana shanye ruwan ɗigon da ke gefen feshin, su ƙanƙance su zama gari kafin su sauka. A madubi za ka ga layi mai sheƙi a tsakiya, da baƙin yayyafi a dama da hagu yana dusashewa. Idan layuka biyu suna kusa, yayyafin yana iya haɗa su wuta ta tsallaka.

Maganin da aka saba shi ne a zuba wa tawada kaɗan daga ruwan da ba ya saurin bushewa, kamar kashi ɗaya cikin goma, domin ɗigon ya isa da danshinsa. Amma idan danshin ya yi yawa, layin ya malale ya yi faɗi. Tsakanin bushewa da malala tazarar 'yar kaɗan ce, zamewa kuwa tana tura ka zuwa gefe ɗaya ba ka sani ba. Wani bincike da aka wallafa daga Jami'ar Minnesota a 2013 ya nuna cewa yawan iskar kube idan aka raba da yawan iskar dako shi ne babban abin da ke tsara faɗin layi. Gaskiya ne, amma da sharaɗin hazon bai canza ba.

Me zai hana a gama bugu sannan a auna?

Ana yi. Akwai na'urar da ke bin saman layi da allura ta faɗi kaurinsa, akwai auna turjiya da allurai huɗu bayan gashi. Masu bincike a Jami'ar Maryland ma sun fito da dabarar ƙananan rijiyoyi a 2017: a haƙa ɗan rami wanda aka san girmansa, a fesa a ciki, a duba lokacin da zai cika. Duk suna da amfani. Matsalar ita ce labarin yana zuwa bayan an yi ɓarna, ko kuma sai an dakatar da aiki. Kuma bugu ne mataki na kusan ƙarshe, a jikin kayan da an riga an kashe masa kuɗi.

To yaya ake sa ido da haske?

Wanda ya taɓa tuƙi da dare a hanyar Bauchi zuwa Gombe cikin hunturu ya riga ya san tushen abin. Idan iska garau take, mutumin da ke tsaye a gefen titi ba ya ganin sandar hasken fitilar mota, sai inda ya sauka. Idan hazo ya sauko, sai ya ga hasken tsaye a cikin iska, kuma duk yadda hazon ya yi kauri, sandar ta fi fitowa, direba kuma ya rage hangen gaba. Ƙurar ce ke karkato da hasken zuwa idon na gefe, ta rage wanda ke wucewa gaba.

Haka ake yi wa hazon tawada. A kan hanyarsa, kafin ya shiga kan na'urar, ana sa wani ɗan ɗaki mai tagogi. Haske ya shiga ta taga ɗaya. Idon lantarki ɗaya yana gefe yana auna hasken da ɗigon suka watsar, ana iya sa wani a gaba ya auna wanda ya tsira. Hazo ya yi kauri, na gefe ya tashi, na gaba ya sauka. Ka haɗa wannan da gudun iskar dako, wanda dama an sani, ka samu kiyasin yawan tawadar da ke wucewa a kowace daƙiƙa. Ba a taɓa hazon ba, ba a tsayar da aiki ba.

Lissafin yadda ƙananan ƙwallaye ke watsa haske tsoho ne, Bajamushen masanin nan Gustav Mie ya warware shi tun 1908. Ya dace da wannan aiki saboda girman ɗigon ya yi kusa da tsawon zangon hasken da ido ke gani, wato maikiron 0.4 zuwa 0.7. Wanda ya fi fito da amfani da shi a wannan na'ura shi ne Ethan Secor da abokan aikinsa, a ɗakunan binciken Sandia sannan a Jami'ar Jihar Iowa, cikin ayyukan da suka wallafa a 2020 da 2021. Sun nuna cewa hasken da aka auna yana bin sawun kauri da turjiyar abin da aka buga fiye da yadda lambobin saitin na'ura ke bi.

A ganina muhimmancin wannan aiki ba a kayan yake ba, don fitila da idon lantarki ba wani abin a zo a gani ba ne. Yana wurin da aka zaɓa a sa su. An daina tambayar na'ura me aka ce ta yi, an koma duba abin da ke cikin tiyo.

Ai na'urar tana da kyamara. Ba ta isa ba?

Kyamara tana da nata aikin. Tana ganin faɗin layi, da karkacewar gefensa, da fantsama, da inda ya yanke, kuma an rubuta manhajoji da ke ciro waɗannan daga hoto kai tsaye. Amma kauri yana yi mata wuya, kuma launin faranti da sheƙinsa suna ruɗa ta: saitin da ya yi aiki a gilashi ba lallai ya yi a baƙar roba mai lanƙwasa ba. Ɗakin hasken kuwa ba ruwansa da faranti, amma shi ma bai san abin da ya faru bayan nozul ba. Idan nozul ya fara toshewa, kyamara ce za ta fara gani, ko ma'aunin matsin iska. Mai hankali yana haɗa su.

Shi hasken ba ya ƙarya?

Yana iya ɓatar da wanda ya yarda da shi ido rufe. Ga dalili. Tawadar da ɗigo ke ɗauka tana bin cikinsa ne, hasken da yake watsarwa kuwa ya fi bin girman fatar jikinsa. Ɗigo mai maikiron 4 ya ninka mai maikiron 1 sau 64 a yawan tawada, amma a girman fatar jiki sau 16 kawai. Idan girman ɗigon ya sauya, alaƙar haske da tawada ta sauya. Haka kuma hasken ba ya rabe ruwa da azurfa sosai. Ɗigo mai azurfa da yawa da mai kaɗan suna iya yi masa kama. Ga taga da kan yi datti, ga fitila da ƙarfinta ke ɗan sauka idan ta ɗumama.

Don haka kowace tawada sai an yi mata gwajin daidaitawa: a buga layuka a matakan hazo daban-daban, a auna su da allura, a zana alaƙar. Kafin kowane aiki kuma a karanta hasken ba hazo, a san inda sifili yake.

An ce na'urar tana iya gyara kanta. Da gaske?

Da gaske. Da zarar kana da lambar da ke bin gaskiyar abin da ke fita, sai ka ba kwamfuta ita. Idan hazo ya ragu, ta ƙara iskar dako ko ƙarfin girgiza har lambar ta dawo. Ko kuma ta rage gudun da faranti ke tafiya, tunda kaurin layi yawan tawada ne a raba da gudu. Kowace hanya da illarta: ƙara iskar dako yana taɓa faɗin layi, ƙara girgiza yana ƙara zafi. Kuma hazon yana ɗaukar lokaci kafin ya taso daga kwalba ya isa nozul, idan manhajar ta cika gaggawa sai ta riƙa wuce gona da iri, sama da ƙasa. Ɗaliban da suka yi darasin sarrafa na'urori za su gane wannan lilo.

Amma gyaran kai ba ya maye gurbin tsafta da tsari. Ana sanyaya ruwan girgiza ya tsaya a zafi ɗaya. Ana bi da iskar dako ta cikin kwalbar ruwan tsinki ta ƙoshi kafin ta isa tawada, don kada ta sace nata. Ana barin na'ura ta yi gudu na ɗan lokaci ta natsu kafin a fara aikin gaske. Ana gajarta tiyo, a rage masa kwana.

Da za a kafa irinta a Bauchi ko Gombe, yanayinmu zai bar ta?

Mutane kan fara zargin bushewar hunturu da danshin Agusta. Suna da tasiri, amma ba inda ake zato ba. A cikin tiyo iskar tukunya ce, ba ta san ko damina ake ko rani ba. Iskar ɗaki tana shiga ne a 'yan milimitocin da ke tsakanin nozul da faranti, da wajen bushewar layi bayan ya sauka, musamman tawadar da aka haɗa da ruwa. Hunturu yana kuma tara wutar gogayya a jikin roba, irin wadda ke tsartar mutum idan ya taɓa ƙofar mota, kuma tana iya janye ƙananan ɗigo daga hanya.

Waɗanda suka fi ban tsoro uku ne. Ƙura: ƙwayar ƙurar hunturu guda tana iya kai girman da za ta yanke layin maikiron 10 ko ta tsaya a nozul. Zafi: a Maris da Afrilu, lokacin da rana ke kusantar digiri 40, ɗakin da na'urar sanyayarsa ke mutuwa tana tashi zai sa zafin tawada ya riƙa hawa da sauka tare da ita. Sai wuta: ɗaukewar minti biyu kafin janareta ya kama ta isa hazon da ke tiyo ya kwanta, a koma jiran natsuwa daga farko. Sola da batir masu riƙe na'urar da sanyin ɗakin tare, ba na'urar kaɗai ba, su ne farkon kasafi. Kuma a wuri irin wannan ne sa ido da haske ya fi biyan kuɗinsa.

Oga, wannan abu zai kashe mana sana'ar gyaran fanel?

A'a. Nozul ɗaya layi ɗaya yake ja, ba zai yi gasa da masana'antar da ke wanke manyan allunan tagulla dubbai a yini ba. Wurinsa shi ne inda waccan hanya ta gaza: jiki mai lanƙwasa, layi siriri ƙwarai, ko kaya kaɗan na musamman. Ku ci gaba da riƙe ƙarfen dalma.

Akwai haɗari ga lafiya?

Akwai. Ɗigo mai maikiron 1 zuwa 5 shi ne daidai girman da ke shiga can cikin huhu, shi ya sa na'urar shaƙa wa masu asma magani take fitar da irin wannan girma. Garin ƙarfe da ruwan sinadari ba abin shaƙa ba ne. Ana aiki a cikin akwati rufaffe mai zuƙe iska ta matata, da safar hannu. Naitirojin kuma ba shi da wari. Idan tukunya ta yi yoyo a ƙaramin ɗaki rufaffe, yana korar iskar numfashi ba a ankara ba.

Malam, ni ɗalibar aji biyar ce, ina son furojet a kan wannan, amma ba ni da na'urar. Ta ina zan fara?

Madalla, 'yata, kuma ba sai kin jira na'urar ba, domin ɓangaren awon ana iya gina shi a kan tebur. Ki nemi faifan tayar da hazo irin wanda ake nutsarwa cikin ruwa a na'urar ƙara danshin ɗaki. Yana karkarwa sau miliyan 1.7 ko 2.4 a daƙiƙa, kusan irin na na'urar gaske. Ki sa shi a roba mai murfi, ƙaramin famfon iska na tankin kifi ya zama iskar dako, tiyo ya kai hazon cikin wani ɗan akwati da kika shafe cikinsa da baƙin fenti marar sheƙi. Ƙwan LED a gefe ɗaya, idon lantarki a kusurwa, wani a gaba, Arduino ya rubuta lambobi kowace daƙiƙa tare da zafin ruwa. Ruwa zalla za ki yi amfani da shi, ko mai ɗan gishiri. Kada ki kusanci fenti ko tina ko fetur, kuma ki raba wayoyin wuta da jiƙa.

Ki kunna ki bar shi awa biyu ba ki taɓa komai ba, ki ga yadda lambar za ta yi tafiya yayin da ruwa ke ɗumi yana raguwa. Ki maimaita da asuba da kuma azahar. Don ki san ko hasken gaskiya yake faɗa, ki yi amfani da ruwa mai gishiri, ki tare hazon da auduga ko takardar tacewa na tsawon lokacin da kika ƙayyade, ki busar, ki auna nauyin gishirin da ya rage a sikelin sashen kimiyyar sinadarai. Ki zana sakamakon a jadawalin sa ido irin wanda Walter Shewhart ya fito da shi a 1924, mai layin tsakiya da iyaka sama da ƙasa, a ga lokacin da aiki ya fita daga iyaka. Idan lokaci ya rage, ki sa Arduino ya riƙa ƙara wa famfo gudu ko ya rage don lambar ta tsaya wuri ɗaya.

Abin da zai fi ba ki wahala shi ne raɓa a tagogi. Ki ja su baya kaɗan daga hanyar hazon, ki bar wani siririn tiyo yana hura musu busasshiyar iska, kuma ki rubuta karatun sifili kafin gwaji da bayansa a littafinki, don mai duba aikin zai tambaya.